Bandar Iya Falmata da Aka Cinye a Rumfar Manya

Zuwa ga Alhaji, jagoran tawagar 'yan kallo da ta raka ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu gasar ƙasa da ƙasa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ka dawo lafiya, ka tarar da iyali lafiya. Ranka ya daɗe, ban so maganar nan ta fito fili ba. Sau huɗu ina kiran wayarka, direbanka yana cewa kana taro. Na aika takarda ofishinka, shiru kake ji. Shi ya sa na rubuto ta inda kowa zai karanta.

Sunana Malam Sale, tsohon malamin firamare a Haɗeja. In ka manta ni, ni ne dattijon nan da ya zauna kujerar baya a motar tawaga, wanda ka riƙa kira "Baba Haɗeja". Ni na fara tsayar da Modu a raga, a filin makarantarmu da ke komawa tafki duk damina. Modun nan dai da ya tsare ragar ƙasa ranar Asabar, kuna tafi kuna cewa ɗanmu ne.

Na ɗaya, ka san abin da ka karɓa. Mahaifiyar Modu, Iya Falmata, da bandar kifi ta raine shi tun rasuwar ubansa, wanda masunci ne. Yanzu da ciyawar kachala ta toshe kogi, babbar tarwaɗa sai an sha jira a bakin ruwa. Da ta ji zan je kallon wasan, sati guda tana sammako wurin masunta tana zaɓe, har ta haɗa goma sha biyu. Kwana uku ta yi a gaban murhu, da idon da likita ya hana ta kai wa hayaƙi. Tana da alamarta da duk mai sayen banda a garinmu ya sani: takan datse gefe ɗaya na wutsiyar kifi kafin ta lanƙwasa shi ta soke da tsinke. Ta naɗe su a takarda, ta ɗaure da koren ɗankwalinta, ta kawo da ƙafarta ƙofar gidana ranar Laraba da safe. Kalma biyu ta faɗa mini: "Hannunka, hannunsa." Tana da suruki, tana da ƙanne, amma ni ta zaɓa. Kwana biyu muna tafiya ƙullin nan yana kan cinyata, na ƙi yarda a sa shi cikin kaya. Har kai ma ka yi tsokana cewa na ƙamsasa muku mota.

Na biyu. Ba zan yi wa birnin nan ƙarya ba, ya burge ni. Gada bisa gada, tutocin ƙasashe a kowace kwana, baƙi iri-iri ana ta kaɗe-kaɗe a titi. Filin wasan kuwa, ni da na shekara talatin ina zana layi da toka, da na hango ciyawarsa shimfiɗe kamar darduma sai da na share hawaye. Ranar Juma'a muka je ƙofar da 'yan wasa ke shiga atisaye. Masu gadi suka ce doka ta hana shiga da abinci. Cikin ladabi suka faɗa, suka nuna mini allo, ba ni da ƙorafi a kansu. Ina tsaye ina tunanin yadda zan yi sai ga ka, kati rataye a wuya. Ka ce in kawo, ku ba a bincikenku, kafin magariba yana hannun yaron. Zuciyata ta ƙi, amma na dubi furfurarka da babbar rigarka na miƙa. Wannan kuskurena ne, na ɗauka. An ce hannuna, hannunsa, ni na sa hannu na uku a tsakani. Habu tela, mutumin Miga, yana wurin, ya ga lokacin da ka karɓa.

Na uku, kuma nan ne raina ke ɓaci duk na tuna. Ranar Asabar da aka tafi hutun rabin lokaci, na hau rumfar manya don in ji ko saƙo ya isa. Mai gadin matakala ya tausaya wa gemuna ya bar ni. Wallahi tun kafin in gan ku ƙamshin ya tare ni, hayaƙin gidan da na sani. Kuloli biyu a kan tebur, farfesu, kai da baƙinka biyar kuna sharɓa. A bakin farantinka ga wutsiya, gefe ɗaya a datse. Koren ɗankwalin kuma an shimfiɗa shi ƙarƙashin kula don kada romo ya ɓata tebur. Ɗankwalin uwar mai tsaron ragarku!

Ko kunya ba ka ji ba. Dariya ka yi, ka ce Baba Haɗeja in zo in sa albarka, ai ko an kai masa likitan 'yan wasa ba zai bari ya ci ba. Haba Alhaji! In likita zai hana, ba sai ka dawo mini da kayana ba? Ina otal ɗin da kake, bene ɗaya ne tsakaninmu. Abincin da doka ta hana shiga a hannun talaka, ashe yana shiga in ya bi ta kula. Kai da aka yanka maka kaza tun daga hanya, me ka rasa da sai ka buɗe ƙullin gwauruwa? Kuna tsotsar ƙaya, mai kifin yana can ƙasa yana dawowa fili da safar hannu, bai san uwarsa ta tuna da shi ba.

Na sauko na koma kujerata, hankalina yana kan kulolin nan. An ce a zagaye na biyu Modu ya kaɗe bugun daga kai sai mai tsaron gida, filin ya ɗauki ihu. Ina zaune a wurin, ban gani ba. Tafiyar kwana biyu na yi don wannan lokacin, kai ka cinye mini shi.

Na huɗu. Bayan wasa Modu ya kira gida. Iya Falmata ba ta tambayi wa ya ci wasa ba, kifi ta tambaya. Ya ce wane kifi? Kafin motarmu ta iso Haɗeja labari ya riga ni, wai ni na cinye. Ko gida ban shiga ba na wuce wurinta, na zauna a zaure na kwashe komai na faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ba komai Malam, hanya da nisa, mutum yakan ji yunwa." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na kawo Habu ya yi shaida, aka ce aboki ne, me zai ce dama? Kuma wa zai yarda babban mutum kamarka zai ci kifin tsohuwa? Sai dai malami mai jiran fansho. Yanzu in na wuce bakin tasha, 'yan acaɓan da ni na koya musu baƙi da wasali suna kira, Malam akwai saura? Matata ta daina zuwa suna a unguwar. Shekara talatin iyaye suna ba ni amanar 'ya'yansu, ko fensir ba a taɓa cewa ya ɓata a hannuna ba.

Ga abin da nake nema. Kada ka aiko da kuɗi, kada ka aiko da buhun shinkafa, mu muke noma ta. Kada kuma ka sa a sayo banda a kasuwa. Ka zo Haɗeja da kanka, ka zauna a zauren da na zauna, ka gaya wa Iya Falmata da bakinka cewa Malam Sale ya kawo saƙo har ƙofa, kai ka karɓa, kai ka ci. Ka kira Modu ka faɗa masa haka, don tun ranar gaisuwarsa ta gajarce. Ka kuma dawo da ɗankwalin, ko da maiƙonsa, za ta gane abinta.

Ka gaggauta, ranka ya daɗe. Jiya da safe ina zaune a ƙofar gida ta zo wucewa da sabon ƙulli, za ta kai tasha ta ba wani direban da ko sunansa ba ta sani ba. Ta tsaya ta gaishe ni sosai, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Amma tun daga nesa na ga ta mayar da ƙullin ɗaya hannun, wanda ba ya ɓangarena.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki, ya ba ka ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya. Allah kuma kada ya nuna maka ranar da za a gan ka a ɓoye kaya.

Wassalam.

Malam Sale,
Haɗeja.