Kaset ɗin da Kuka Aika Damagaram

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Nijar a Paris.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, da iyali, da kasuwa.

Na ɗaya. Hoton da kuka ɗaga a taron Bobigny nawa ne, ban musa ba. Ni ce durƙushe gaban gicciyen dutse a wani ƙauye kusa da Lyon. Gicciyen ya fi shekara ɗari biyar a mararrabar nan. A kan irinsa na yi digirina, da kun tambaya da na yi muku bayani kyauta.

Na biyu. A ƙauyen ba a wucewa da gawa sai an sauke ta a gindinsa, mace mafi kusa da mamaci ta soka ɗan gicciyen itace a ƙasa, wai don kada mamaci ya ɓata hanya. Gawar ta Madam Odile ce, tsohuwar da ta ba ni ɗaki shekara huɗu ina ɗaliba, lokacin da ƙungiyarku ta ce mace marar miji ba ta da masauki. Ba ta bar kowa ba. Masu ɗaukarta suka tsaya suna kallona, na karɓi itacen na durƙusa na soka. Na koma gida na yi la'asar.

Na uku. Ba ku kira ni ba. Kuka ɗauki muryarku a kaset kuna cewa na bar Musulunci, kuka ba mai tafiya Damagaram ya kai wa Innata, wadda ba ta karatu amma kunnenta lafiya lau. Ƙanena ya ce sau uku ta saurara, ta ce, "Alhaji ba ya ƙarya." Wasiƙuna biyu suka dawo a rufe. Ta rasu cikin Maris, ta bar wasiyya kada a sanar da ni. Daga maƙwabciya na ji.

Yanzu na sami labarin kuna haɗa tawagar ta'aziyya zuwa Lyon. Ku huta, jirgin ƙasa da gajiya. Roƙona biyu ne: a karanta wannan a taro, da muryar nan taku mai daɗin sauraro, kuma a cire sunana daga ƙungiya.

Allah ya ja kwananku, Alhaji. Ya sa 'ya'yanku su ji labarinku daga bakin wanda suka yarda da shi.

Wassalam.

Hadiza, Lyon, 1986.