Igiyar da Na Kawo wa Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya maigidan da yara? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambayi aikin da nake yi. Balan-balan muke tayarwa sama, kada ki yi dariya. Ledarsa ba ta fi ta burodi kauri ba, amma in an shimfiɗa shi ya fi filin ƙwallo tsawo. Da asuba, kafin iska ta motsa, ake ɗura masa gas marar nauyi, a rataya masa akwatin na'urori, a sake shi. Yana hawa yana kumbura, har ya wuce hanyar jirage, ya kai inda sama ke zama baƙa ƙirin da rana tsaka. In masana sun gama awonsu, sai a danna na'ura daga nan ƙasa, igiyar da ke riƙe da akwatin ta tsinke, akwatin ya sauko da lema.

Duk wannan ji nake yi, ban taɓa gani ba. Ɗauko akwatin ne aikina, dole motata ta bar sansani tun kafin a fara ɗurawa, in je in tari inda iska za ta jefar da shi. Dogo, wanda muka fara aiki rana ɗaya, shi ke sakin balan-balan, shi ake ɗauka a hoto. Auta ta manna hotonsa a ɗakinta, ta gaya wa malamarsu wai kawunta ne ke aika kaya sama. Ni ubanta ko ambatona ba ta yi ba. Wallahi abin yana cin raina. Gobe akwai tashi, zan kawo mata abin da Dogo ba shi da shi.

Ƙaninki,
Baban Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, da fatan jiki ya yi sauƙi.

A kan bishiya na sami akwatin, tsakiyar fadama. Na shiga taɓo har ƙirji, ƙaya ta yage mini riga. Shugabanmu ya yarda na yanki guntun igiyar lemar. Na kai wa Auta, na ce wannan ta je inda ko Dogo bai taɓa zuwa ba, kuma ubanta ne ya ɗauko ta. Ta rungume igiyar tana tsalle, ni kuwa har na fara kumbura kamar balan-balan ɗinmu.

Sai ta tambaye ni ko Kawu Dogo ya taɓa ta da hannunsa. Shi ya ɗaura ta, Yaya, ban iya yi mata ƙarya ba.

Yanzu igiyar tana rataye a ƙarƙashin hotonsa. Ni na buga mata ƙusar.

Naki kullum,
Baban Auta