Ƙanƙarar da Dogo ya kwashe

Litinin, 3 ga Maris

Farfesa ta ce idan har taron Alhamis ta sama ban nuna mata launi yana motsi ba, za ta rufe aikin kifin nan. Ko a jikina. Yaya ma ta daɗe tana cewa in zo in riƙe mata shagon magani, can ba ƙarni.

Talata, 4 ga Maris

Abin da ya kamata in gani: a ɓawon kifi akwai ƙwayoyin halitta cike da ɗigo-ɗigon baƙin launi. Wasu furotin, 'yan dako nake ce musu, su ke ɗaukar ɗigon su bi da shi kan siraran zaruruwa. Mai suna dainin ya ja shi tsakiya, kifi ya yi fari. Mai suna kinesin ya watsa shi gefe, kifi ya yi duhu. Abin da na gani: nawa 'yan dakon sun shiga yajin aiki.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ɗiga wa ɓawon maganin da ke sa ɗigon taruwa, na zuba wa maikiroskof ido har hawaye. Shiru. Alhali ba wanda ya kai ni kula, ina cire ɓawo nake ɗora shi kan ƙanƙara, yadda aka koya mana da kowane samfur tun ajin farko. Dogo, mai teburin kusa da ni, ya leƙo wai, "Hajiya, ko sai kin ba su kuɗin shayi?" Na harare shi. Amma na yi dariya a bayi.

Asabar, 8 ga Maris

Yaya ta aiko hoton farar rigar da ta ɗinka min ta shago. Ta yi kyau, wallahi.

Talata, 11 ga Maris

Yau kam! Injin ƙanƙara ya lalace, ɗan abin da ya rage Dogo ya kwashe tas. Na bi shi har bakin ƙofa ina masifa, ɓawona na zaune kan tebur yana shan ɗumin ɗaki. Da na dawo na saka shi haka nan don haushi, na ɗiga magani. Sai ga ɗigon nan sun taso daga kowane gefe, suna gangarowa tsakiya har suka dunƙule. Na yi ihu, Dogo ya zubar da shayinsa.

Sai a lokacin na tuna: sanyi yana wargaza zaruruwan. Ni da hannuna nake rushe wa 'yan dakon hanya kullum, ina zaginsu da lalaci. Dogo ya ce, "To a gode wa ɓarawo mana." Ban gode ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Farfesa ta kalli bidiyon, ta ce a maimaita. Ta cire tabarau ta ce, "Wa ya ce ki sa kifi mai rai a firji?" Kowa ya kwashe da dariya, har ni. Aiki zai ci gaba. Na ji daɗi sosai.

Asabar, 15 ga Maris

Na shigo ciyar da kifaye kawai, sai ga ni har la'asar ina kallon ɗigo suna kai da komo. Yaya ta kira kan maganar rigar. Na ce ta ba ƙanwar mijinta, ai tsayinmu ɗaya. Ta ce, "Ke da kike kukan ƙarni?" Na ce ni yau ban ma ji shi ba.