Kada ka bi Baffa mutuware

Yaya,

Na leƙo na tarar kana barci, ka sha hanya, shi ya sa ban tashe ka ba. Na tafi coci wajen Fada in tsayar da ranar Misar jana'izar Mama.

Jiya kafin ka iso Baffa ya zo da mutanensa. Wai gawar matar ƙaninsa ta dangi ce, ƙauye za a kai ta, Misa kuma ɓata lokaci ce. Na ce, "Baffa, ranar da Baba ya rasu kuka watso mata kaya waje, a lokacin ba ta dangi ba ce?" Ya ce ba ni da kunya. Na ce na ji.

Kai ba ka nan a asibiti. Bayan Fada ya shafa mata mai, ta riƙe hannuna ta ce a cocinta za a yi mata Misa, 'yan kwayarsu su raka ta da waƙa har kabari. Na ce mata to. Ɗaure fuskar Baffa ba za ta sa in warware ba.

In Baffa ya dawo da mota, don Allah kada ka bi shi mutuware, ɗakin ajiye gawa. Ba za su saki gawa ba sai babban ɗa ya je da kansa. Ka ba shi kujera da ruwa, ka ɗora laifin duka a kaina.

In yana son yi mata ban kwana, ya zo coci, zan ajiye masa wuri a bencin gaba.

Auta