Ganyen Kirfa Ne, Ba Kanumfari Ba

Zuwa ga Ikilima, sanyin idona, ruwan sabuwar randa, inuwar da nake nufa in rana ta take. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi kewa, da fatan kina lafiya, ke da Inna.

Kwalbar turaren da na aiko miki ta dawo. Gwaggonki Tahira ta dire min ita a kan teburina a kasuwar Ɗambatta, gaban jama'a, ta ce kin ce ke ba tukunyar kunu ba ce da za a zuba miki kanumfari. Haba Ikilima! Shekara tara ina haɗa turare, sai a kanki zan fara ba'a? Kin san abin da ake nufi in kyautar saurayi ta dawo. Ga shi kawuna, Kawu Sha'aban, ya sa Asabar ɗin nan zai je wurin Babanki nema min aurenki, ni kuwa har yau na kasa buɗe baki in gaya masa.

Bari ki ji abin da ke ciki. Babu ƙwayar kanumfari ko ɗaya, man ganyen kirfa ne. Ke ɓawon kika sani, mai zaƙi-zaƙin nan da ake jefawa a shayi. Ganyen kuwa, duk da bishiyarsu ɗaya, ƙanshinsa ya fi kama da na kanumfari, da ɗan yaji da ɗumi. Ɗigo uku kacal na sa a kan sandal da wardi, don in ya yi yawa yana cin fata. Shi ke fara tarar hanci, ba ya sallama. Amma a ba shi daga azahar zuwa la'asar, sai ya kwanta, wardin ya taso. Ke kuma kin buɗe, kin shinshina sau ɗaya, kin yanke min hukunci ko alƙali bai kai ki sauri ba.

Sai dai ba zan yi miki ƙarya ba, hancinki bai yi kuskure duka ba. Kin tuna ranar girbin gero a gonar Kawu, da kika kawo wa 'yan gayya kunu? Kika miƙo min kofi kina kallon ƙasa, mayafinki na ƙanshin kanumfari da citta da hayaƙin kara. Daga baya kika ce min kunya ƙanshin nan yake ba ki in kin shiga cikin 'yan mata. Ni kuwa tun ranar nake nemansa a kwalabena! Wata huɗu ina haɗawa ina zubarwa, ban same shi ba sai a ganyen nan. Wa ke yin gori da abin da ya sha wa wahala haka? Ina son ki ne, masoyiyata, da ƙanshin aikinki duka. Laifina guda, na aiko ba bayani.

Ga kwalbar nan na sake ba Gwaggo. Ki ɗiga a bakin mayafi bayan azahar, kada ki ce komai sai an kira la'asar. In har lokacin ba ta yi miki ba, zan je in sami Kawu da kaina kafin Asabar, in sha kunyar ni kaɗai, ba zan ambaci sunanki da sharri ba. Abu ɗaya nake roƙo: in za ta sake dawowa, kada ta dawo a cike.

Naki yau, naki gobe, ko wace amsa ta zo,
Sabiru mai turare.