Kwamfutar da na zaɓar wa Rahila

Baban Rahila,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kana hutawa a inda ka riga mu zuwa.

Mu dai muna nan. In je makaranta in koyar, in dawo in ɗora tukunya. In an ce mini ya haƙuri, in ce an gode.

Tun da muka binne ka 'yarka ba ta taɓa allon ces ɗinku ba, darar nan ta Turawa. Malaminta na ces ya ce in ba ta sami abokin karawa ba hannunta zai mutu, ga gasar makarantu na tafe. Ni kuwa ko tafiyar doki a kan allon ban iya ba. Ya ce a nemo mata kwamfuta a sa manhajar ces.

Sai na je wajen masu sayar da na hannu, can kusa da tashar jirgin ƙasa. Mai shagon ya ɗauko mini wata mai ƙyalƙyali, ta 'yan gem masu wasannin bidiyo, wadda ta fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba. Can maganarka ta faɗo mini: "Ces ba ta son kwalliya, ƙwaƙwalwa take so." Ka sha faɗin haka, ni kuma in ce ka cika surutu.

Na ce a bar zancen kyan hoto. A ba ni mai furosesa mai ƙarfi, wato ƙwaƙwalwarta, da ma'ajiyar ram daidai gwargwado, da batir mai riƙe caji, tunda ka san halin wutarmu. Wadda na samu murfinta a tsage yake, fankarta na ƙara kamar injin markaɗe. Ban ji daɗi ba, ban ji haushi ba. Na cusa ta cikin jakar cefane na dawo gida.

Rahila ta zauna a kujerarka ta buga. Kwamfutar ta cinye ta. Ta sake, aka sake cinye ta, har yamma ko sau ɗaya ba ta ci ba. Sai ta same ni a kicin ta tambaye ni, wai duk cin da take yi maka ranar Lahadi bayan sujada, da gangan kake bar mata?

Ban iya yi mata ƙarya ba, Yohanna nawa. Na ce mata e. Ta koma ta fara wani wasan. Ni ce na zauna a ƙasan kicin na kasa tashi.

Ubangiji ya ba ka hutu. Ita kuma ya ba ta zuciyar jure wa abokin wasan da ba ya tausayinta.

Matarka,
Saratu