Ruwa Gaɓa Ɗaya

Litinin, 15 ga Janairu
Tsohon nan mai madubin hangen nesa ya dawo gonar gishirinmu. Malam Thawi. Shekara uku ke nan yana zuwa daga Bangkok neman tsuntsu ɗaya tak, mai bakin cokali, bai taɓa dacewa ba. Bana yanar ido ta rufe masa gani sosai. Ya ce baɗi ba lallai ya ga ko hanya ba. Kawu Prasit ya ce, "Malam, cokali dai? Akwai a kicin, har dozin." Malam ya yi dariya har da tari.

Talata, 16 ga Janairu
Na san inda tsuntsun yake. Fagen gishiri na bakwai, inda ruwa bai wuce gaɓar yatsa ba. Kawu ya ce gobe da sassafe in buɗe ƙofar ruwa in cika fagen. In na cika, ƙananan tsuntsaye sun tashi ke nan, ƙafarsu ba ta kai.

Laraba, 17 ga Janairu
Ban buɗe ba.

Ni da Malam mun fara ta bakin teku, ruwa ya ja. Balbela fari fat a kan taɓo, zalɓe tsaye kamar wanda aka bai wa ajiya. Malam kan sunkuyar da kai ya faɗi sunan kowane daga kukansa, bai kuskure ko ɗaya ba. Ni da aka haifa a nan ban san rabinsu ba. Muka ci shinkafa da busasshen kifi a kan dakali.

Da teku ta ciko sai ga su, dubbai, suna juyawa a sama kamar an kaɗa zane, suka zube a na bakwai. Na saita masa madubin. Ya daɗe. Ya ce, "Ɗana, duk toka-toka nake gani. Ba na ganin baki."

Na ce Malam, bar bakin. Sauran sukan tsattsaga su ɗaga kai. Shi ba ya ɗagawa, kansa ƙasa, kamar keken ɗinki.

Can sai hannunsa ya damƙe mini kafaɗa. "Ga tela! Ga tela can!" Da raɗa yake faɗi. Tsuntsun bai fi ɗan tsako ba, wai kuma daga ƙasar ƙanƙara yake tasowa. Har rana ta yi sanyi Malam bai janye ido ba.

Alhamis, 18 ga Janairu
Kawu ya wanke ni tas. "Tsuntsu ne zai haɗa maka gishirin, shugaban masu tausayi?" Da gaskiyarsa, kwana ɗaya ya tafi. Na cika fagen.

Lahadi, 21 ga Janairu
Na ɗaga 'yar kunyar ƙasa mai tare ruwa a kusurwar na bakwai, ruwan ciki gaɓa ɗaya. Kawu ya tambaya, na ce gwajin ƙasa nake. Ya kalle ni, ya wuce.

Telan ya zo da hantsi. Ba wai na tsaya kallo ba ne. Abincina dai ya huce.